Ƙwaryar Haƙoran Baƙi a Zongon Lome

Tun da na dawo kun hana ni sakat. Wannan ta ce ina tsaraba, waccan ta ce wai da gaske ne matan Lome da kansu suke tuƙa babur, Hajiya Mairo kuwa har gida ta biyo ni don ta ji an ce atamfa a can kamar kyauta. To, kowa ta kasa kunne, sau ɗaya zan faɗa. Ni ba sari ne ya kai ni ba, yayana na je nema.

Duk wadda ta taɓa shiga ɗakin Innarmu a Zariya ta ga wata tsohuwar langa mai ruwan ɗorawa a gefen gadonta. Kullum da magariba sai an zuba tuwo a ciki an rufe, da safe a ɗumama a ba wanda ya samu. Rabon Yaya Isuhu ne. Shi ne ɗan farinta. Ya fita fatauci ina 'yar firamare, shekara talatin da ɗoriya ke nan, kuma labarin ƙarshe da aka kawo mana shi ne an gan shi a Lome. Saboda kunyar ɗan fari ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, "mai tafiya" take ce masa. Yanzu ta tsufa, ido ya tafi, barci ma ya ƙaurace mata. Akuya ta motsa a zaure sai ta ce a duba ko shi ne. Abu ɗaya take roƙon Allah, kada ta mutu ba ta san addu'ar da za ta yi masa ba, ta rayayye ko ta mamaci.

Maƙwabciyarmu Hajiya Ladi, mai sarin atamfa, ita ta zo da magana. Ta ce a gidan da take sauka a Zongon Lome akwai wani bawan Allah da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa baki. Bazazzagi suke ce masa, ba wanda ya san danginsa, kuma shekarunsa za su yi daidai da na Yaya. Da aka zauna shawara sai kowa ya juyo yana kallona. Kun san aikina, na daɗe ina leƙa bakin mutane a sashen haƙori na asibiti, har abin ya zame mini ciwo. Kafin in ga fuskarki na riga na ga haƙoranki. Fuska tana canzawa, ƙiba ta zo, rama ta zo, gemu ya rufe, amma haƙori yadda ya fito haka yake tafiya da mai shi.

Ranar da za mu tashi Inna ta kori kowa daga ɗaki. Ta laluba ƙarƙashin filo ta ciro tandun kwallinta, ta zazzage mini wani abu a tafin hannu, bai kai ƙwayar masara ba. Gutsuren haƙori ne.

Ta ce, "Na mai tafiya ne. Yana yaro ya faɗi a bakin rijiya, na gaba na sama ya gutsure. Na nono ake jefawa bisa soro don wani zai fito. Wannan na san ba ya dawowa, sai na tsince."

Na kai shi bakin taga. A jikinsa akwai wani siririn layi a gicciye kamar an ja da allura. Na tambaye ta ko Yaya ya yi ciwo mai tsanani yana goye. Ta ce ƙyanda, har an fid da rai. Haka ne kuwa. Farin ɓawon nan na waje, wanda ya fi ƙashi tauri, a cikin dasashi ake gina shi tun yaro yana jariri, in zazzaɓi mai ƙarfi ya zo sai ginin ya tsaya ya bar layi. Kuma ɓawon ba jini a cikinsa, ba ya warkewa. Ƙashi ya karye ya haɗe, fata ta yage ta rufe, shi kuwa abin da ya gutsure ya gutsure ke nan. Ta ƙara da cewa kafin ya tafi haƙorin ya fara yin duhu. Matar da ba ta iya faɗin sunansa, ashe har launin haƙorinsa tana lura da shi.

Hanyar Legas ba sai na ba ku labari ba, kun san ta, ƙugu ne yake biya. Abin da ya rage mini gajiya shi ne tsokanar Hajiya Ladi. Tana da haƙorin Makka na zinariya, ni kuma tun daga Kaduna nake jin warin abin da ke ruɓewa a ƙarƙashinsa. Na ce ta zo in cire mata in duba.

Ta ce, "Binta, ki fita harkar bakina. Shi ne shaidar na je. In kin cire, da me zan yi wa mutane dariya?"

A iyakar Seme katin rigakafi kawai aka duba muka wuce. Muka ratsa Kwatano, muka miƙe har iyakar Togo, can ne na sha kallo. Wani jandarma ya buɗe jakata ya ci karo da ɗan madubin aikina da 'yar ƙugiyar ƙarfe. Ya ɗaga su sama yana zuba Faransanci, ni ko "i" ban sani ba. Hajiya Ladi, da Faransancinta na kasuwa, ta yi ta nuna ni tana cewa, "Dantis! Dantis!" Sai na ga mutumin ya sassauta. Ashe kuncinsa a kumbure yake, ni na ɗauka goro ya cusa. Ya ja ni inuwa, ya zauna a benci, ya cire hula, ya wangale mini baki kamar ɗan tsuntsu. Turminsa na ƙasa, babban haƙorin tauna, shi ne ya ruɓe har ya kai ɓargo, wato ɗan naman nan na tsakiya inda jijiya da jini suke. Na ce Hajiya ta gaya masa ya daina tura ƙwayar magani a ramin, ya tafi asibiti. Ban rufe baki ba sai ga abokan aikinsa sun ja layi, kowa da hannu a kunci. Direbanmu ya yi ta danna oda har ya gaji ya kashe mota.

Daga nan hanya ta bi bakin teku, kwakwa a dama, masunta a hagu suna jan raga, har muka wuce Bagida muka shiga gari. Abin da na fara lura da shi danshi ne. Iskar tana manne wa mutum a jiki, mayafi ya yi nauyi, ashana ma sai ta ga dama take kamawa. Mai tasin da muka ɗauka ya ratsa da mu ta gefen wata kasuwa, Hajiya ta ce in kau da kai. Wa ya ga Binta da kau da kai? Kawunan birai ne da na karnuka da kadoji an jera a rana, masu magani suna saye. Komai ya bushe ya motse, ido ya faɗa ciki, haƙoran kaɗai ne fari tas a waje. Na yi a'uziyya na gyara zama.

Zongo yana can arewa, sai an wuce Tokwan an yi ta tafiya. Kana shiga sai ka rantse gida ka dawo, ga kiran salla, ga mai tsire, ga manyan motocin Nijar a jere. Sai an buɗe baki za ka san ba gida ba ne. Hausarsu ba ruwanta da mace, ni da girmana aka shiga cikin gida ana cewa, "Baƙon Hajiya ya zo." Matasa kuma su fara magana da Hausa su ƙarasa da Faransanci, duk macen da ta girme su Tanti ce. Mai masaukinmu Alhaji Garba, kakansa Bakatsine ne, shi kuwa bai taɓa taka Katsina ba, amma in yana yabonta sai ka ce shi ya gina ganuwar. Matarsa ta kawo mana akume, wato tuwon masara mai laushi, da miyar ayoyo da kifi, ga barkono kamar an yi faɗa da mai girkin. Da safe kuma wani dogon burodi mai ɓawo, wanda na tabbata shi yake samar wa masu irin aikina abinci a ƙasar nan.

Ban iya jira ba, ina aje cokali na ce a kai ni wurin Bazazzagi. Wani ɗan ɗaki ne kusa da zaure. Yana kishingiɗe a tabarma, dogo, ramamme, kansa fari fat. Alhaji Garba ya ce ɗan dako ne a tashar manyan motoci, ba ya hira da kowa tun yana da lafiya, ranar da ya faɗi aka rasa inda za a kai shi sai nan. Na durƙusa na yi sallama. Yana jin muryata ya damƙe mini wuyan hannu da hannunsa mai lafiya. Na ce, "Yaya?" Sai hawaye. Na ce shi ke nan, na same shi.

Alhaji ya ce a hankali, "Hajiya, kada ki yi sauri. Duk wanda ya yi masa Hausar Zariya haka yake yi."

Na nemi izini na ɗaga leɓensa. Wayam. Ko ɗaya babu, sama da ƙasa dasashi ne sumul kamar na jariri. Ciwon dasashi ne ya cinye 'yan zarurrukan da suke riƙe saiwa, don shi haƙori ba kafe yake a ƙashi kamar ƙusa ba, a rataye yake. In kuma haƙora suka tafi sai muƙamuƙi ya zaizaye, haɓa ta matso hanci, fuska ta zama ta wani. Ko Inna da idonta ba za ta iya rantsuwa a kansa ba. Na zauna daɓas a ƙasa. Na ratso ƙasa uku da gutsuren haƙori a lalita, ga baki ba inda zan gwada shi.

Alhaji Garba ya ce, "Ai haƙoransa suna nan. Suna wurin Baba Wanzam." Ya faɗe ta kamar mai cewa takalminsa yana wurin baduku.

Washegari bayan azahar ya raka mu. Baba Wanzam tsoho ne tukuf, yana zaune a ƙofar gida, tsohuwar zabirarsa a rataye da awartakin cire haƙori da ya daina aiki da shi. Da Alhaji ya gaya masa abin da ke tafe da ni, sai ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan gida zuwa wani ɗaki mai ƙaramar ƙofa. Hajiya Ladi ta leƙa sau ɗaya ta ja da baya.

Ta ce, "Ni nan na tsaya. In kin fito kya same ni."

Rana tsaka ce a waje, amma ciki duhu da sanyi, ga warin ƙasa jiƙaƙƙiya. Da idona ya saba sai na ga bango duk ƙusoshi ne, kowace ƙusa da ɗan ƙulli a rataye. Wani na shadda, wani na atamfa, wani na yadin makaranta. Iska ta biyo mu ta ƙofa, ƙullin suka motsa, suka yi wata 'yar ƙara kamar ana zuba tsakuwa a hankali. Na yi shekaru ina jefa haƙoran mutane a kwandon shara ban taɓa jin komai ba, amma ranar sai da na yi bisimilla kafin in ƙara taku.

Ya ce, "'Yata, kin ga kasuwar nan ta kawuna a hanya?"

Na ce na gani.

"To, iyayenmu da suka zo garin nan baƙi ne. Mutum ya cire haƙori, ina zai kai? Ya yar a bola, yana tsoron wanda zai tsinta. Malamai sun ce abin da ya fita daga jikin ɗan Adam a binne shi, to a ƙasar wa? Ɗakin haya ne da siminti. Sai ubana ya ce a bar masa amana. In ya cire, sai ya yanki bakin rigar mai shi ya ƙulle a ciki. Ranar da mutum ya rasu, kafin a ɗaure likkafani, sai mu kai masa kayansa ya tafi da su cikakke. Da aka tashe mu daga tsohon Zongo na cikin gari, ubana ko katifa bai ɗauka ba sai da ya kwashe waɗannan. Har yau wasu in an cire musu a asibiti, nan suke kawowa a auduga."

Na ce, "Wato duk na bangon nan..."

Ya ce, "Duk masu su suna da rai. Na matattu ba ya kwana a ɗakin nan."

Ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, ya sauko da wani ƙulli na shuɗin yadi. Na Bazazzagi ne. Na zauna a bakin ƙofa inda haske yake, na ɗora faifai a cinya, na jera su yadda suke zama a baki. Na gaba masu saiwa ɗaya, fiƙoƙi masu doguwar saiwa, sai turame, na sama saiwa uku, na ƙasa biyu. Da na gama sai ga bakin mutum a kan faifai yana yi mini murmushi, mai shi kuwa yana can kwance a gidan Alhaji. Na ɗauki na gaban nan biyu na sama na jujjuya. Lafiyarsu ƙalau, ba gutsure, ba layi. Ba Yaya ba ne. Wallahi sai da na sake jujjuya su, ko Allah zai sa in ga abin da babu.

Ina cikin mayar da su ƙulli sai na ji ƙas, daga can lungun ɗaki, kamar an fasa gyaɗa. Ba kowa a wurin. Baba Wanzam ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya tafi lungun ya jawo wata babbar ƙwarya, ya ɗaga faifan da ke kanta. Haƙora ne cike, a zube, ba ƙulli.

Ya ce, "Ƙwaryar baƙi ke nan. Waɗanda suka bar amana suka wuce, ba su dawo ba, har danshi ya cinye ƙyallen. Ban san na wane da wane ba." Ya zura hannu yana lalube, ya fito da wani turmi da ya rabe biyu. "In mai shi ya cika a inda yake, haka yake yi. Sai in wanke in binne a bayan ɗaki, in yi masa addu'a."

Kun san bakina ba ya shiru. Na ce, "Baba, a gafarce ni. A ƙarƙashin farin ɓawon nan akwai wani sashi mai ruwan hauren giwa, cike yake da 'yan ƙananan hanyoyi masu ruwa, shi ya sa in ɓawo ya zaizaye ruwan sanyi yake zuga mutum. In aka cire haƙori ya daɗe, ruwan yana ƙafewa, na ciki ya tsuke, na waje ya ƙi tsukewa, sai ya tsage. Ko a wurin aikinmu yana faruwa."

Ya gyaɗa kai, bai yi musu ba. Ya ce, "Haka ne, 'yata. Ni dai abin da na gani, an sha yin haka, bayan kwana kaɗan sai ga labarin rasuwa daga Kumasi ko Yamai. Wataƙila dacewa ce." Ya ci gaba da goge ɓarin haƙorin da bakin rigarsa.

Ban san abin da ya sa na ce ya miƙo mini ƙwaryar ba. Na sa hannu, sanyi kamar an tsoma a randa. Na riƙa ɗebowa ina zubawa a faifai, ina ware turame da fiƙoƙi gefe, na gaban sama kawai nake nema. Ga na masu cin goro ja wur, ga na wata da ta sha fure a zamaninta, ga na mai shan taba. Kowane ɗaya mutum ne da uwarsa. Har aka kira la'asar ina nan, Hajiya Ladi tana ta yi mini magiya daga waje. Can wajen gindin ƙwaryar na ɗago wani mai launin toka, irin duhun da haƙori yake yi in ɓargonsa ya mutu bayan buguwa. Kusurwarsa ɗaya babu, ga kuma siririn layi a gicciye.

Na kwance lalita. Bakin karayar ya lashe, don ya yi shekaru yana cin abinci da shi kafin a cire, saboda haka ba zan ce muku ya zauna ɗaram ba. Amma da na haɗa su, layin gutsuren Inna ya tarar da layin haƙorin, suka zama layi ɗaya. Na fashe da kuka kamar yarinya. Na ce, "Baba, ka tuna shi? Dogo, Bazazzagi, sunansa Isuhu."

Ya ce, "Ina zan tuna? A Zongo kowa baƙo ne. Amma duba, bai fashe ba. Yayanki yana shan ruwa a wani wuri."

Ni da na gama yi masa bayanin ƙafewar ruwa, sai ga ni na riƙe maganarsa hannu bibbiyu. Na ce zan tafi da haƙorin. Ya ce amana ce, mai ita ake ba ko kabarinsa. Na ba shi labarin langa, da tsohuwar da ba ta barci. Sai ya ce uwa ta riga kowa, in ɗauka.

Kafin mu taso na shiga sallama da Bazazzagi. Hajiya Ladi ta raɗa mini cewa Inna fa ba ta gani, in na kai mata wannan ma za ta karɓa, shi ya samu uwa ita ta samu ɗa. Na yi tunanin abin, ba zan ɓoye muku ba, amma na kasa. Ya riƙe bakin mayafina ya ƙi saki, sai da Alhaji ya ɓamɓare yatsunsa. Duk da haka "Yaya" na ce masa da zan fita.

Na san aikina, don haka na naɗe haƙorin a jiƙaƙƙiyar auduga na sa a kwalin ashana, na cusa a jakar hannu. Abin da ban lissafa ba shi ne kwali yana shan ruwa, kuma bazara ce. Muka kwana a Legas, muka kamo hanyar arewa, muna haye Jebba iska ta sauya, leɓe ya fara bushewa. Kafin Mokwa motar ta mutu. Muka yini a gindin wata bishiya da ba ta da ganyen kirki, ruwan sha ya ƙare, yara suna kuka, direba ya tafi neman makaniki ya ɓace. Ranar Talata ce. Wajen la'asar, jakar tana kan cinyata, na ji ƙas.

Hajiya Ladi ta ce, "Mene ne?"

Na ce ba komai. Sai da ta tafi alwala na buɗe. Audugar ta bushe ƙamas, haƙorin ya rabe biyu daga sama har saiwa, ga ramin ɓargon a fili kamar zare baƙi. Na san dalili sarai, zan iya koya wa ɗalibai shi a allo. Amma bakina da kansa ya ce inna lillahi.

Duk sauran hanyar shiri nake yi. Zan ce mata na samo haƙorinsa, lafiya lau na same shi, zafin hanya ne ya fasa shi, ni ce ban kula ba. Zan ce tsohon ya ce yana da rai. Sai ranar Alhamis da hantsi muka iso Zariya, ko wanka ban yi ba na shiga ɗakinta. Na gaishe ta, ta amsa, ta ce in matso.

Ta ce, "Binta, shekaranjiya Talata na ɗan kishingiɗa bayan azahar, sai na yi mafarki haƙorina ya faɗo a tafin hannuna. Ni da rabona da haƙori tun kafin a haifi autarki. Kin san fassarar wannan. Ba ni abin da kika kawo."

Ban ce mata na kawo komai ba. Na zuba mata su a hannu, ɓari biyu da ɗan gutsurenta. Ta lalube su da yatsa, ta bi layin nan da farce. Na ba ta labarin Bazazzagi, da ɗakin ƙulli, da ƙwaryar baƙi, da abin da Baba Wanzam yake yi in ɗaya ya fashe. Ta ce yaushe wannan ya fashe. Na ce Talata, wajen la'asar. Bayanin ruwa da ɓawo yana nan a kan harshena, na buɗe baki zan fara, sai na ga fuskarta. Tunda nake ban taɓa ganin ta a sake haka ba. Na mayar da bakina na rufe.

Ta dunƙule hannu ta kai ƙirji. Ta ce, "Allah ya jiƙan Isuhu. Allah ya jiƙan Isuhu ɗana."

Ranar na fara jin sunan a bakinta. Ta sa aka kira liman, aka binne haƙorin a gindin bangon ɗakinta, aka yi sadaka. Tun daga ranar take barci har sai an tashe ta salla.

Ni ce yanzu ba na samun sukuni. Duk dattijon da ya zauna a kujerar aikina, kafin ya gaya mini abin da ke damunsa, leɓensa na sama nake fara ɗagawa in ga ko akwai giɓi a gaba. Ban sani ba ko Yaya ya rasu ranar Talatar nan, ko yana can wani gari yana shan shayi mu kuwa mun yi masa sadakar uku. Kada wadda ta tambaye ni, kuma don Allah kada wadda ta je ta yi wa Inna bayanin da na yi muku.

Da magaribar ranar da na dawo, ƙanwata ta ɗauko langa za ta zuba tuwo kamar kullum. Inna ta ji ƙarar murfin ta ce ta bari. Ta ce a wanke ta, a ɗaure a ƙyalle, in Hajiya Ladi za ta koma a ba ta.

Ta ce, "A kai wa wancan da kika ce ya riƙe miki mayafi. A gaya wa matar gidan ta riƙa zuba masa a ciki. Shi ma wata tana can tana ajiye masa tuwo."